Ƙwaryar Inna Fadima a Cikin Tele

In ka sauka a tashar Matameye ka ce a kai ka gidan Balki, za a tambaye ka wacce, don masu sunan nan a garin sun fi a ƙirga. Amma ka ce Balki mai tele, ko ɗan kabu-kabun da ya fara hawa babur jiya zai ajiye ka a ƙofarta. Abin dariyar shi ne rabonta da tele, wato talabijin, an yi shekaru, ƙuli-ƙuli take murzawa yanzu, sunan ne ya ƙi sakinta. Matar yayana Bawa ce. Ni ne Illa tela, shagona bango ɗaya ne da zauren gidanmu, don haka abin da zan faɗa a gefen keken ɗinkina ya faru, ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Daga Kurni aka kawo mana ita, siririya, baƙa, mai idon da ba ya saurin sunkuyawa. Tun satin bikinta muka fara faɗan wasa irin na ƙanin miji da matar wa, har yau ba a sasanta mu ba. Ni ina ce mata 'yar ƙauye wadda ta fara ganin kwalta daga kan amalanke, ita kuma tana ce mini telan da ke ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Sharri take yi mini. Sau ɗaya hakan ya taɓa faruwa, kuma mai wandon ne ƙafafunsa ba daidai ba.

Wanda bai san uwarta ba bai san Balki ba. Inna Fadima mijinta ya rasu ya bar mata gona da 'ya'ya mata ƙanana, ta ɗaura ɗamara ta noma gonar da hannunta har ta aurar da su. Doguwa ce, tana da bille a kuncin hagu da tsaga siri-siri a gefen baki, kuma tana ɗaura kallabinta da ƙulli a saman goshi, irin ɗaurin da ban taɓa ganin wata ta yi ba. Mace ce da rufin asiri ya fi mata tuwo. Balki ta ba ni labari cewa a shekarun da rumbu ke ƙarewa tun kafin damina, Inna takan ɗora tukunya da ruwa zalla, ta hura wuta har hayaƙi ya tashi sama da danga, ta yi ta buga taɓarya a turmin da ba ko ƙwaya, don maƙwabta su ce gidan Fadima an ɗora girki. In wata ta aiko mata da tuwo, kwanon ba ya komawa haka nan, ko ɗan gishiri ne sai ta sa a ciki. Maganarta kullum ita ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ga kunya ta mutanen da. Balki ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunanta, sai dai "ke", ko "waccan" in tana magana da wani.

Tana da wata ƙwarya da ba ta rabuwa da ita. Balki tana yarinya ta taɓa sakinta ta tsage, tsoron duka ya sa ta zare jan zare daga wani tsohon bargo ta ɗinke ta a ɓoye, ɗinki karkatacce kamar sawun kaza. Inna ta gani, ta ci gaba da aiki da ita shekara da shekaru. Duk zuwan da take yi Matameye sai na tsokani Balki da ɗinkin nan, in ce wannan ce ke aibata aikin tela.

Yayana Bawa ɗan cin rani ne, da an gama girbi sai Kano. Mutum ne mai dabara goma a kai, tara ba sa kai labari. Wata shekara ana jiran ya dawo da atamfa da sabulu kamar sauran maza, sai ga shi da tsohuwar tele, da wani baƙin akwatin wasa, da manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa. Ya haɗa da ɗan ƙaramin gurup, injin ba da wuta mai tari kamar tsoho, ya share zaure ya jera benci. Wannan ce dabararsa ta goma, wadda ta kama. Yara suka yi ta tururuwa, ana biya ana buga ƙwallo ko dambe a cikin tele.

Sai daminar 2009 ta yi mana rowa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Bawa bai jira komai ba ya koma Kano, ya bar mini mabuɗin zauren wai in riƙa dubawa. Ni da ɗinki a gabana, na rufe na rataya mabuɗin a ƙusa. Bayan 'yan kwanaki na ji gurup na tari, na leƙa na tarar da Balki a bakin ƙofa zaune kan kujera 'yar tsugunne, tana karɓar kuɗin yara tana ƙullewa a bakin zane.

An yi surutu a unguwa, ba kaɗan ba. Dattawa suka ce ina aka taɓa ganin matar aure tana gadin ɗakin samari. Wani ya tare ni bayan sallar la'asar ya ce in yi wa gidanmu faɗa. Na kai mata saƙon, ta ce in koma in tambaye shi tiya nawa ta gero zai riƙa aiko mata kullum, ita kuma ta rufe zauren yau ɗin nan. Ban koma ba, shi ma bai sake tare ni ba.

Yaran su ma da nasu rainin. In manet ta ƙi aiki sai su ce a jira namiji ya zo. Balki ta ɗauki wuƙar yankan kuɓewa ta kwance ta, ta goge dattin ciki da auduga ta mayar. To gyara sai da gwaji, gwaji kuma sai an buga. Da safe in yara sun tafi lakwal, wato makaranta, takan tada gurup na ɗan lokaci ta zauna ita kaɗai. Akwai wani saurayi Gambo, ɗan wani mai sayar da kayan babur, shi ne zakaran ɗakin, ba mai cinsa. Ranar da Balki ta ce ya zo su gwada, dariya har da masu faɗuwa daga benci. Ta ci shi. Ya ce manet ɗinsa ce ba ta da kyau. Suka yi musaya ta sake cinsa, sannan ta tashi ta koma ciki ta duba miyarta. Na kwana biyu ina jin daɗin abin nan kamar ni na yi, amma ban gaya mata ba, kada kanta ya ƙara girma.

A wasan damben suna da wata doka: wanda aka ci, horonsa shi ne ya zaɓi mace ya buga da ita a zagaye na gaba, ana yi masa ihu ana ce masa amarya. Balki da ta gane haka, ba ta sake zaɓar namiji ba. Abin da ya dame ta da matan nan shi ne tufafinsu. Wallahi ƙyallen da nake sharewa daga ƙarƙashin keke ya fi abin da ke jikinsu yawa. Takan ce waɗanda suka ƙera su ko ba su da uwaye, ko kuma tela ya yi tsada a ƙasarsu.

Cikin wannan hali sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Mu dai kiɗan soja muka ji a rediyo, sai sanarwa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne su suka fara faɗin kalmar yunwa a fili, kalmar da a da ma'aikacin gwamnati ba ya yarda ta fito daga bakinsa. Wasu suka ce madalla, yanzu taimako zai zo. Da labarin ya kai Kurni, an ce Inna Fadima tsaki ta yi, ta ce ƙasa ma ai tana da asiri.

Rani ya yi tsanani. Tiyar gero ta zama abin da ake kallo daga nesa. Matan ƙauyuka suka cika gari da ƙore a hannu, suna bi gida-gida suna neman aikin daka ko wanki, a biya su da dusa. Amma zauren Balki bai mutu ba, don 'ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikata da 'yan kabu-kabu ba su fasa zuwa ba. Kullum da yamma abin da ta ƙulle a bakin zane takan mayar da shi gero. Kuma duk wannan fafutukar abu ɗaya ne a ranta, ta raba uwarta da Kurni, ta kawo ta gabanta tana ci tana gani har a yi girbi. Ta aika da gero, aka dawo mata da shi da saƙon cewa rumbu cike yake. Ta san rumbun, ta san mai rumbun. Daga ƙarshe sai ta yi dabara, ta aika a ce bayanta ya riƙe ba ta iya daka, tana neman Inna ta zo ta taimaka mata. Zuwa taimako ba abin kunya ba ne. Inna ta aiko cewa tana nan tafe ranar kasuwa.

Kafin wannan da 'yan makonni Bawa ya ba wani direba sabon faifai ya kawo. Ba shi da kwali, ba hoto, don haka yara suka raɗa masa suna Kamyo, wato babbar mota. A cikinsa kai ne wani anasara jibgege, ka tuƙo babbar mota shaƙe da buhunan abinci cikin wata busasshiyar ƙasa. A gefenka wata anasariya ce da ba ta aikin komai sai ihu, tufafinta irin waɗanda na faɗa. Duk garin da ka ratsa, baƙaƙen mutane ramammu za su fito daga bukkoki su yanyame motar, aikinka shi ne ka ture su, ka buge su, in ta kama ka harbe, ka kai buhunan nan cikakku inda aka aike ka. Ba su da suna, ba sa magana, gurnani kawai suke yi.

Sau ɗaya na tsaya na kalla daga bakin ƙofa, na ga rumbuna da turame da danga irin tamu. Na ce wa yaran ba ku ga waɗannan mu ne ba. Suka ce a'a Baba Illa, ai mayunwata ne. Wanda ya faɗi haka na san gidansu, na san sau ɗaya ake ɗora tukunya a rana. Balki kuwa ranar farko kawai ta leƙa, ta ga anasariyar, ta karɓi ƙyalle a wurina ta manna a kusurwar tele daidai inda take zama, ta ce ta yi mata mayafi. Daga nan ba ta ƙara kallo ba, ƙarar harbin tana sa mata ciwon kai, sai ta juya wa tele baya tana kallon titi. Kamyo kuwa ya kori ƙwallo da dambe. Layi ake yi a kansa, kuma shi ne ya cika mata buhun da ta tanada don zuwan Inna.

Ta bango ina jin yaran suna ambaton wata Ƙi-mutu. Wai wata tsohuwa ce a cikin wasan, ita ba ta tsayawa a bayan mota sai ta ɗare ƙofar direba. Ka buge ta ta faɗi, ka isa gari na gaba ka sake tarar da ita. In ta fito sai ɗakin ya ɗauki sowa, ana cewa ga ta nan, ba ta kashi. Na sha jin wannan ina taka keke, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ranar kasuwa da hantsi Inna Fadima ta iso. Ni na fara hango ta, na tashi na tarye ta. Ta rame ƙwarai, wuyanta ya zama kamar kara, amma zanenta wankakke, ɗaurin kallabin nan na nan a goshi, ƙunshin kaya a ka, ƙwaryarta a hannu. Balki ta shiga ciki ɗauko ruwa. Gidanmu kuma ba shi da wata hanya sai ta zaure. Inna ta yi sallama ta sa kai, ina biye da ita.

Yaran suka juyo. Ban taɓa jin ɗaki cike da mutane ya yi shiru irin haka ba, gurup kaɗai ke tari a waje. Gambo ne ke riƙe da manet, ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi. Wani ƙarami ya ƙwalla ƙara, ya tsallake benci ya yi waje, sauran ƙananan suka bi shi suna ture juna, ina jin su a titi suna ihu cewa Ƙi-mutu ta fito daga tele ta shiga gidan Bawa. Na buɗe baki zan zage su, sai idona ya faɗa kan telen.

Da Gambo ya saki manet motar ta tsaya cak, tsohuwar ta hau ƙofa, fuskarta ta cika gilashin. Ga bille a kuncin hagu. Ga tsaga a gefen baki. Ga ƙullin kallabi a saman goshi. Masu ƙera wasan sun ja mata idanu sun ƙara mata haƙora, sun mai da ita abin tsoro, amma ita ce. Da fuskar ce kaɗai da na ce mutum yakan yi kama da mutum. Sai ta ɗago ƙwarya ta miƙo, ga jan zare, ga ɗinkin nan karkatacce. Na dafa bango. Salati ma sai daga baya na tuna da shi.

Balki ta fito da kofin ruwa, ta dubi uwarta, ta dubi inda muke kallo. Kofin ya faɗi. Ta kori manyan da suka rage da hannu kawai, ta tura ƙyaure. Amma kafin nan mutane sun fara taruwa a waje, ana leƙe ta taga, mata da ƙore a ka, 'yan kabu-kabu sun kashe babura. Balki ta nufi telen za ta kashe, Inna ta ce ta bari. Ta sauke ƙunshinta, ta zauna a benci, ta daɗe tana kallon kanta. Sannan ta tambaya a hankali wane ne mai motar. Na ce duk wanda ya riƙe wannan abin na ƙasa, shi ne. Ta tambaya me ke cikin buhunan, na ce abinci. Ta juya wajen 'yarta ta ce ke kin iya shi? Balki ta gyaɗa kai.

"To Balki, ki ba ta mana," in ji Inna.

Shekarun da na yi da sanin matar nan, ranar na fara jin sunan a bakinta. Balki ta ɗago ta dube ta. Ta durƙusa ta ɗauki manet. Ta san ta ciki da waje, ita ke kwance ta, amma wannan wasan ba ta taɓa bugawa ba. Ta danna maɓalli na farko. Anasaran ya ɗaga gindin bindiga ya kwaɗa wa tsohuwar a fuska, ta faɗi, ƙwaryar ta gangara. Balki ta yi wata ƙara da ban so in sake ji ba. Tsohuwar ta tashi, ta ɗauki ƙwaryarta, ta sake hawowa. Balki ta danna wani, motar ta yi tsalle ta taka mutane. Ta danna na uku, bindiga ta tashi. Sai ta ajiye manet a ƙasa kamar wadda ta taɓa wuta, ta haɗa kai da gwiwa.

Da ba mai dannawa, mutanen cikin telen suka hau motar suka sauke buhunan, kowa ya ja nasa. Gilashin ya yi ja, wani rubutu ya fito. Inna ta tambayi abin da aka rubuta. Da ɗan karatun da na yi na gane, na ce an ce mai motar ya faɗi, an ci shi. Ta ce wato in mutane suka samu abinci shi ne faɗuwa. Na ce haka ne. Daga baya na tambayi Gambo, wanda ya san wasan daga farko har ƙarshe, ya rantse mini babu maɓallin bayarwa a cikinsa ko ɗaya.

A nan zaune, ba tare da ta dubi kowa ba, Inna ta faɗi abin da ta ɓoye shekaru. A yunwar da ta wuce kafin wannan, ta ce wa mutanen Kurni za ta suna wajen dangi. Ba suna ta je ba. Ta ji ana rabon abinci, ta tsallake wuraren rabon da ke kusa, ta yi tafiya mai nisa har bayan Damagaram, ta zaɓi garin da ba wanda ya san ta, ta shiga layi. Tana tsaye wasu anasaru suka zo da abin ɗaukar hoto, suka zagaye ta gaba da baya, ɗaya ma ya nuna mata ta ɗaga ƙwaryar. Ta ɗauka sharaɗin rabon ke nan, ta ɗaga.

"Ranar ma ba su ba ni ba," in ji ta. "Kafin layi ya zo kaina abincin ya ƙare."

Yadda hoton ya tashi daga hannun waɗancan ya shiga faifan wasan yara, ban sani ba, ba kuma wanda zan tambaya. Na dai san matar da ta yi tafiyar kwanaki don kada mutum ɗaya ya gan ta da ƙwarya a hannu, an kai ta duniya ana dukanta don nishaɗi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ba ka da wanda za ka shaƙe.

Da azahar Balki ta tuƙa tuwo da miyar kuka ta kai mata. Inna ta dubi kwanon ta tambaya da me ake sayen geron gidan nan. Balki ta dubi wajen zaure. Inna ta rufe kwanon ta ce ai ta manta, azumi take yi. Da magariba ruwa kawai ta sha. Balki ta yi kuka ta yi roƙo, ta ce ba ta sani ba, Inna ta ce ta san ba ta sani ba, ba ta kuma riƙe ta da komai ba. Inna ta tambayi bayan Balki da aka ce ya riƙe, ta ce ta ga alama ya saki, Alhamdulillahi.

Washegari da safe ta ɗaura ƙunshinta. Ni na raka ta tasha. Da mutane sun yi mata dariya ina ganin da ya fi sauƙi, sai in samu wanda zan mara. Ba wanda ya yi. Gaisuwa aka yi ta yi mata, doguwa, da murya ƙasa-ƙasa irin ta gidan makoki. Labari ya riga ya zaga, kowa ya san ta taɓa tsayawa a layi. Wata mata mai kirki ta biyo mu da gudu ta cusa mata ƙullin gari a hannu. Inna ta tsaya, ta kwance bakin zanenta ta ciro ɓarin goro ta ba matar, sannan ta miƙa mini garin ta ce in kai wa yara. Sai da motar ta tashi na lura hannunta ba ƙwarya. Na tarar da ita a gida, kife a gindin randa.

Balki ta jefa faifan a turmi ta daka shi har ya zama gari. Ta ari salula ta kira Bawa, ina tsaye. Ya yi ta salati, sannan ya gaya mata abin da ya fi komai kashe mata jiki, wai a kasuwar da ya sayo shi tuli ake yi da irinsa a kan tebur kamar tumatir, 'yan sari na kwasa zuwa ko'ina. A satin nan ta sayar da telen da akwatin da gurup ɗin, ta sayi gyaɗa ta koma sana'ar da ta koya a Kurni. Buhun da ta tanada kuwa ta ɗora shi a amalanke ta kai da kanta. Ta ce ta tarar da hayaƙi na tashi a gidan, Inna ta karɓe ta da fara'a, ta sa aka shigar da buhun ɗaki, ta sa mata albarka.

Damina ta sauka da kyau a shekarar, gero ya yi kai. Inna Fadima ba ta ga girbinsa ba. Mutanen Kurni sun ce zazzaɓi ne, ni ma abin da nake faɗa ke nan in an tambaye ni. Bayan sadakar uku Balki ta shiga gyara ɗakin, ta tarar da buhun a bayan gado, bakinsa ɗaure da ƙullin da ita ta yi da hannunta.

Yanzu ta manyanta, ta yi jikoki, ƙuli-ƙulinta har Damagaram ake aikowa a saya. Bakin nan nata na nan, jiya ma ta ce rigar da na ɗinka wa jikanta wuyanta na akuya ne. Yaran da suka yi ihu ranar nan sun zama magidanta, in sun gan ta sukan durƙusa su gaishe ta fiye da yadda ake bukata. Ba ta hana jikokinta wasa a salula, amma sai ta karɓa ta duba ko su wa ake duka a ciki.

Abu ɗaya ne ba ma wasa da shi ni da ita. Bayan rasuwar Inna da kamar shekara na je Damagaram sayen zare, na bi ta wani lungu, na ji sowar yara daga wani shago. Ban so leƙawa ba, ƙafata ce ta kai ni. Tsohuwar tana nan cikin tele, a ƙofar motar, da billenta da kallabinta, wani yaro yana ba ta kashi abokansa na tafi. Matar da muka binne da hannunmu. Na dawo gida da niyyar ba zan faɗa ba, amma Balki ba a ɓoye mata fuska. Tana zaune tana murza tunkuza, ta dube ni sau ɗaya ta ce na gan ta ko. Na ce na gan ta. Hannunta ya tsaya a cikin kwano.

"Ƙwaryar tana hannunta?"

Na ce tana nan.

"Da wani abu a ciki?"

Na ce babu.